Rushe Madatsun Kogin Elwha: Abin da Laka Ta Yi wa Kurmin Ƙarƙashin Teku

A ranar 26 ga Agustan 2014 aka tayar da nakiya ta ƙarshe a jikin madatsar Glines Canyon, Kogin Elwha ya samu hanya tun daga duwatsun Olympic har teku, karo na farko cikin shekara ɗari da 'yan kai. Kogin yana jihar Washinton, a kusurwar arewa maso yammacin Amurka. Tsawonsa kilomita 72 ne kacal, amma a wancan lokaci babu aikin rushe madatsar ruwa a duniya da ya kai nasa girma. Labarin da ya bazu ko'ina na kifin salmon ne, wanda aka tare wa hanya tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ga shi kuma ya fara haurawa inda kakanninsa suke zuba ƙwai. Murnar kuwa ta cancanta. Sai dai a daidai wannan lokaci wasu 'yan tsirarun masu bincike sanye da kayan nutso suna shiga ruwa a bakin kogin, suna ƙirga wata asara da ba ta fito a hotunan murna ba.

Asarar ta faɗa ne kan kelf, wata doguwar ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa da ke tsirowa a ruwa mai sanyi. Ba a samunta a gaɓar Afirka ta Yamma domin ruwan yankin ya yi mata ɗumi; a nahiyar sai an je Afirka ta Kudu da Namibiya, ko Maroko. Dangin gansakuka ce, ba ta da saiwa irin ta bishiya. Abin da take da shi a gindi wasu 'yan yatsu ne da take damƙe dutse da su, ba su tsotsar komai daga ƙasa. Abincinta daga ruwa yake da hasken rana. A mashigin tekun Juan de Fuca, inda Elwha yake zubewa, tsakanin Amurka da tsibirin Vancouver na Kanada, nau'in da aka fi gani shi ne wanda masana ke kira Nereocystis: dogon kara ne guda, a kansa akwai wani kumburi cike da iska da ke ɗaga ganyaye zuwa saman ruwa. Shekara ɗaya tak yake rayuwa. Yakan tsiro wajen Maris ko Afrilu, cikin 'yan watanni ya wuce mita 10, guguwar hunturu ta zo ta tumɓuke shi. A ƙarƙashinsa akwai gajerun nau'o'i, irin su Pterygophora mai taurin kara da ke yin shekaru a raye, sai kuma jajayen ciyayi da ke shimfiɗe a kan tsakuwa. Duka waɗannan ne suke haɗuwa su zama kurmi. A cikinsa ƙananan kifaye ke ɓuya, 'ya'yan salmon da suka fito daga kogi ke kiwo kafin su shiga babban teku, ganyen da ya kakkarye kuma ya zama abincin ƙaguwa da sauran halittun ƙasa.

Abu biyu wannan kurmi ba ya rayuwa sai da su: ƙasa mai tauri da haske. Laka kuwa duka biyun take ƙwacewa.

Yadda kelf ke hayayyafa shi ya sa lakar ta fi yi masa illa fiye da yadda girmansa zai sa a zata. Babban tsiron yana sakin ƙwayoyin iri miliyoyi, waɗanda ido ba ya gani. Sai kowace ta samu dutse tsabtatacce ta manne, ta zama wani ɗan mitsitsin tsiro, namiji ko tamace, wanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Daga haɗuwar waɗannan ne sabon kelf yake fitowa. Wato kurmin da ya kai tsayin bene mai hawa uku, a wani lokaci na shekara gaba ɗayansa yana kwance ne a kan dutse, bai kai kan allura ba. Gwaje-gwajen da aka yi a Kalifoniya tun shekarun 1970 sun nuna cewa 'yar siririyar ƙurar laka a kan dutse ta isa ta hana ƙwayar iri mannewa, wadda ta riga ta manne kuma idan laka ta rufe ta sai ta mutu. Yashin da igiyar ruwa ke gogawa a kan dutse yana kankare wanda ya tsira. Ga nau'in da ke mutuwa duk shekara, idan iri bai kama ba a shekara guda, babu kurmi a wannan shekarar ke nan.

Kafin a zo ga lakar, ya kamata a san inda ta fito. Wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Aldwell ne ya jagoranci gina madatsar Elwha, mai tsayin mita 33, kimanin kilomita 8 daga teku, aka gama ta a 1913. Dokar jihar tun 1890 ta wajabta yi wa kifi hanyar wucewa a duk madatsa, amma ba a yi ba. A maimakon haka aka gina wurin ƙyanƙyasar kifi, shi ma aka rufe shi a 1922. A 1927 aka ƙara ta biyu a sama, Glines Canyon, mai tsayin mita 64. Wutar da suke samarwa ta raya masana'antun katako da takarda na garin Port Angeles. Wadda ta biya farashin ita ce ƙabilar Lower Elwha Klallam, wadda yarjejeniyar 1855 ta tabbatar mata da haƙƙin kamun kifi, amma aka bar ta da kogin da kifinsa ya ragu daga kimanin 400,000 a shekara zuwa 'yan dubbai. Tafkin madatsar farko ya kuma shanye wurin da suke ɗauka mafarin halittarsu. Su ne suka dage a kan a rushe, tun daga shekarun 1980, ƙungiyoyin kare muhalli suka mara musu baya. Majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar farfaɗo da kogin a 1992, gwamnati ta sayi madatsun a 2000 a kan dala miliyan 29.5, aka fara rushewa a Satumbar 2011.

Madatsa ba ruwa kaɗai take tarewa ba. Elwha gajere ne, amma daga duwatsu masu saurin zaizayewa yake gangarowa, ga ruwan sama mai yawa. Duk abin da ya kwaso, da ya shiga tafki gudunsa ya ragu, sai ya sauke. Lokacin da aka zo rushewa, tafkunan biyu sun tara laka da yashi da tsakuwa kimanin mita kubik miliyan 21, wato wajen tan miliyan 30, mafi yawa a tafkin Mills na sama. Tifa mai ɗaukar mita kubik 10 sai ta yi sawu fiye da miliyan 2 kafin ta kwashe. An duba yiwuwar kwashewa da injina, aka ga kuɗin ya fi ƙarfin aikin, sai aka yanke shawarar barin kogin ya yi jigilar kayansa da kansa. Aka riƙa rage tsayin bangon kaɗan-kaɗan, ana dakatawa a watannin da kifi ke wucewa.

Madatsar ƙasa ta kau a Maris 2012. Babban al'amarin ya zo ne a Oktoban shekarar, lokacin da tafkin Mills ya ƙare, yashi da tsakuwa suka fara tsallake ragowar bangon Glines Canyon. A shekara biyun farko kogin ya kwashe fiye da tan miliyan 10, abin da a yanayinsa na asali zai ɗauki gomman shekaru yana kawowa. Har matatar ruwan da aka gina musamman don wannan rana ta toshe, aka tsayar da aikin rushewa kusan shekara guda ana gyara. Cikin shekara biyar kimanin kashi biyu cikin uku na abin da aka tara ya bar tafkunan. Daga abin da ya fito, kusan kashi 10 cikin 100 ya tsaya a cikin kogin da fadamarsa, kusan rubu'i ya taru a bakin kogin, sauran ya bazu cikin mashigin tekun. Hotunan da aka ɗauka daga sama a hunturun 2012 zuwa 2013 sun nuna ruwan kogin mai launin ƙasa ya shimfiɗu a kan shuɗin teku tsawon kilomitoci.

Sa'ar da aka yi, kuma ita ce ta sa ake iya rubuta wannan sharhi da hujja, ita ce an fara aune-aune tun kafin a taɓa bangon. Daga 2008 masu nutso na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, da na ƙabilar Klallam, da na shirin Washington Sea Grant, suna komawa wurare guda duk lokacin zafi, a zurfin da bai kai mita 20 ba, suna ƙirga tsirrai da dabbobi da kifaye a kan layukan da suka kafa. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar kuma tana jan kyamara a ƙarƙashin ruwa. Stephen Rubin da Ian Miller da Helen Berry da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon farko a mujallar PLOS ONE a 2017. Kafin rushewa, kelf da jajayen ciyayi sun rufe fiye da rabin ƙasan tekun a yankin. Bayan lakar ta iso, wuraren suka kasu gida biyu, kuma wannan rabuwa ita ce zuciyar maganar.

Kashi na farko su ne wuraren da aka binne. A bakin kogin da gabashinsa yashi ya sauka a kan tsakuwa, wani wurin kaurinsa ya kai mitoci. A yamma, cikin lungun Freshwater Bay inda ruwa ya fi kwanciya, taɓo ne ya zauna. A irin waɗannan wurare kelf ya ragu ƙwarai ko ya ɓace ɗungum, yawancin dabbobi da kifayen da ke rayuwa tare da shi suka bi shi.

Kashi na biyu ya fi ban mamaki. Wurare ne da ƙarfin gudun ruwa bai bar komai ya zauna ba: tsakuwar tana nan fes, dutsen yana nan, amma ciyawar ta tafi. Gwargwadon yawan lakar da ke yawo a cikin ruwa, gwargwadon raguwar ciyawa. Duk wanda ya ga ranar da hazo ya yi kauri har mutum ya iya kallon rana ido da ido ya san abin da ya faru a nan, sai dai wannan hazon cikin ruwa yake, kuma bai washe ba sai da aka yi shekaru. Ba kogin kaɗai ke kawo duhun ba. Lakar da ta riga ta kwanta, duk lokacin da igiyar ruwa ta yi ƙarfi ko teku ya cika ya janye, sai ta sake tashi. Saboda haka ko a watannin zafi, lokacin da kogin ya ja baya kuma kelf ya fi buƙatar haske, ƙasan tekun yana cikin duhu-duhu. Shekarar 2013 ce ta fi muni.

Amma babu wurin da ya zama kufai. Inda taɓo ya hau kan yashi, halittu masu ɓawo biyu da ke tona rami suka ƙaru. Inda yashi ya rufe tsakuwa, kifaye masu faɗi da ke kwanciya a ƙasa suka yawaita, tare da wani siririn ƙaramin kifi mai nutsewa cikin yashi, wanda shi ne abincin salmon da tsuntsayen teku. Ko a wuraren da duhu ya kori ciyawa, tsutsotsin teku masu zama cikin bututu sun samu fili da abinci, suka ƙaru. A gaɓa kuwa, bakin kogin ya miƙa cikin teku ɗaruruwan mitoci, aka samu sabuwar ƙasa kimanin hekta 60, da 'yan tafkuna inda ruwan kogi ke gauraya da na gishiri, irin wurin da 'ya'yan salmon ke hutawa jikinsu ya saba da gishiri. Ƙaguwar Dungeness, wadda masuntan yankin ke ji da ita, ta samu yashin da take so.

Da rushewar ta zo ƙarshe ruwa ya fara washewa, ciyawar ta fara dawowa a wuraren da ba a binne ba. Masu binciken sun ga alamar haka tun a 2014, rahoton da suka sake fitarwa a 2023, wanda ya bi wuraren har 2022, ya tabbatar da ita. Inda dutse ya tsira, kelf ya koma cikin 'yan shekaru. Inda yashi da taɓo suka zauna daram, bai koma ba, wasu halittun ne suka gaji wurin.

To, wannan ɓarna ce ko gyara? Hukuncin wannan sharhi shi ne gyara ne, gyaran da ya zo da ɓarna ta gaske a cikinsa, kuma rashin adalci ne a ɓoye ɗaya don a ɗaukaka ɗaya. Shekara ɗari madatsun suna hana gaɓar yashinta. Teku ya ci gaba da kwashe wanda ke nan, babu mai mayarwa, har bakin ruwan da dattawan Klallam suke tunawa da tonon abincin teku a cikinsa ya koma tarin duwatsu, ƙasar ƙabilar tana zaizayewa. Can gabas, dogon harshen yashin nan na Ediz Hook da ke kare tashar jiragen ruwan Port Angeles sai da aka riƙa jibge masa duwatsu don kada teku ya yanke shi, ko da yake katange gangaren gaɓar da aka yi shi ma yana da hannu a wannan. Tsakuwar da kelf ya samu ya kama a dab da bakin kogin, wani ɓangarenta wannan yunwar yashi ce ta tone ta. Ke nan wani yanki na kurmin da aka binne a 2013 madatsun ne suka share masa fili tun farko. Bakin kogi mai gangarowa daga duwatsu, a ɗabi'arsa, wurin yashi ne mai motsi. Wanda ya ɗauki yanayin 2008 a matsayin asali, ya ce duk abin da ya saɓa masa lalacewa ce, ya ɗauki ciwo ya kira shi lafiya.

Duk da haka akwai haɗari a cikin wannan hujja idan aka sake mata linzami. Da sauƙi a ce ai kelf ya dawo a Elwha, don haka ko'ina zai dawo. Elwha ya samu abubuwa da ba kowane kogi ke da su ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar da ke zuba masa ruwa tana cikin gandun Olympic da gwamnati ta keɓe tun 1938, babu masana'anta ko ma'adinai a sama, don haka lakar tsabtatacciya ce. A 1973, da aka cire madatsar Fort Edward a Kogin Hudson na jihar New York, lakar da ta fito cike take da gubar PCB daga masana'antu, aka yi gomman shekaru ana fama da ita. Sannan mashigin Juan de Fuca ruwa ne mai ƙarfin gudu, cikowa da janyewar teku suna share shi kullum, shi ya sa mafi yawan lakar ba ta zauna ba. Ga kuma dazukan kelf lafiyayyu a gabas da yamma, waɗanda suka zama rumbun iri ga wuraren da suka mutu. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar Washinton tana ɗaukar hoton kelf na wannan gaɓa daga jirgin sama tun 1989, kuma da aka gwada da taswirorin farkon ƙarni na 20 an ga mafi yawansa yana nan yadda yake.

Inda babu waɗannan, labarin yakan bambanta, kuma ba sai an je nesa ba. A kudancin Puget Sound, cikin jihar Washinton ɗin dai, inda ruwa ya fi ɗumi kuma bai cika motsi ba, kusan kashi biyu cikin uku na gaɓar da ke da Nereocystis a shekarun 1870 yanzu babu shi. A Palos Verdes kusa da Los Angeles, zaftarewar ƙasar Portuguese Bend da ta fara a 1956 ta yi ta zuba laka a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa, ga ruwan ƙazantar birni, har sai da aka kawo duwatsu daga wani wuri a 2020 aka jibge don kelf ya samu abin kamawa. A San Onofre, ruwan da tashar nukiliya ke fitarwa ya riƙa dagula teku yana rage haske, kurmin da ke kusa ya ragu, hukuma ta tilasta wa kamfanin wutar gina sabon filin duwatsu a ƙarƙashin ruwa a madadinsa. Abin da ya raba waɗannan da Elwha shi ne tsawon lokaci. Kelf yana jure duhun shekara biyu ko uku idan dutse da iri suna nan. Lakar da ba ta yankewa ita ce ke kashe shi har abada.

Akwai kuma batun lokaci, wanda a Elwha sa'a ce ta yi aiki fiye da dabara. A 2013 wata cuta ta fara narkar da taurarin teku a duk gaɓar yammacin Amurka ta Arewa, ta kusan ƙarar da wani babban nau'insu mai hannuwa da yawa da ke cin bushiyar teku. Daga 2014 zuwa 2016 kuma ruwan arewa maso gabashin tekun Fasifik ya yi zafin da ba a saba gani ba. A gaɓar Sonoma da Mendocino ta arewacin Kalifoniya, waɗannan biyu suka haɗu: zafi ya raunana kelf, bushiyar teku ta yawaita babu mai cinta, ta cinye ragowar. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kurmin ya tafi, a 2018 aka rufe kamun abalon, wata dabbar teku mai ɓawo da ke rayuwa a kan kelf. Wannan duk ya faru ne a shekarun da kelf na Elwha ke ƙoƙarin farfaɗowa. Ruwan Juan de Fuca mai sanyi da gauraya ne ya cece shi. Da irin wannan lakar ta sauka a kan kurmin da zafi da bushiya suka riga suka durƙusar, babu dalilin tsammanin zai tashi.

Wannan ba maganar tarihi ba ce kawai, domin rushe madatsu yana ci gaba. A Oktoban 2024 aka kammala cire madatsu huɗu a Kogin Klamath, tsakanin Oregon da Kalifoniya, bayan gwagwarmayar ƙabilun Yurok da Karuk, aikin da ya zarce na Elwha girma. An zaɓi sakin ruwan tafkunan a watan Janairu da gangan, lokacin da kogin ke cike kuma kifi bai cika yawa a babban kwarin ba, sannan akwai tazarar kimanin kilomita 300 daga madatsar ƙarshe zuwa teku. A Kogin Carmel kuwa, wanda ke zubewa a wani lungun teku mai ɗauke da kurmin kelf, wata hanyar aka bi a 2015: aka karkatar da kogin ya kewaye tarin lakar madatsar San Clemente, aka bar ta inda take. A kudancin Kalifoniya madatsun Matilija da Rindge suna tsaye cike da laka, ba su tara ruwan kirki, gaɓar da ke ƙasansu kuma tana buƙatar yashin da suka riƙe. Rindge ba ta fi kilomita 5 daga teku ba. A kowanne daga cikinsu tambayar guda ce: nawa za a saki, a wane wata, kuma me ke ƙarƙashin ruwan da zai karɓa? Yashi da tsakuwa suna gina gaɓa. Laka mai laushi ita ce ke kashe haske. Mai tsara aikin da bai raba su a lissafinsa ba bai gama lissafi ba.

Mai karatu a Kano ko Kumasi ba shi da kelf, amma ya san rabin farko na wannan labari. Tun da aka gama madatsar Akosombo a Kogin Volta a 1965 yashin da ke isa gaɓar gabashin Gana ya ragu ƙwarai, kuma masana na lissafa wannan cikin dalilan da suka sa teku ya ci wani yanki na garin Keta. A fadamar Haɗeja da Nguru, madatsun Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke zuwa ta tafi, laka ta zauna a magudanai, kachalla ta toshe su. Duk madatsar da ke tsaye tana tara abin da ya kamata ya wuce, kuma wata rana zai wuce, ko da shiri ko babu. Madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, ta Alau a 2024, kuma babu ɗayansu da ta jira a zaɓa mata wata.

Abin da ya fi dacewa a ɗauka daga Elwha ba dawowar kelf ba ce, yadda aka san ya dawo ne. Aikin gaba ɗaya ya ci kimanin dala miliyan 325, kaso mai tsoka ya tafi ga matatun ruwa da kariyar ambaliya da wurin ƙyanƙyasar kifi. Nutson da ya bayyana abin da ya faru a ƙarƙashin teku aikin mutane kaɗan ne da ƙananan jiragen ruwa. Ba don sun fara a 2008 ba, da wanda ya nutsa a 2013 zai ga fili babu ciyawa ya ce an kashe teku, wanda ya nutsa a 2018 ya ga kurmi ya ce babu abin da ya faru, kuma dukansu biyu da sun yi kuskure. Dokar 1992 kogi da kifinsa ta ambata a sunanta, amma kusan kashi 90 cikin 100 na lakar da aka saki a teku da bakinsa ta ƙare. Iyakar aikin a takarda ta tsaya inda ruwan daɗi ya ƙare, lakar kuwa ba ta tsaya a nan ba.

A Oktoban 2023 'yan ƙabilar Klallam suka sake kama salmon a Elwha don ci da al'ada, karo na farko bayan fiye da shekara goma da dakatar da kamun kifi a kogin. Kifin da suka kama ya ratsa sabon bakin kogin da yashin madatsun ya gina, ya kuma bi ta gaɓar da kelf ya sake rufewa. Jihar Washinton ta kafa doka a 2022 da nufin karewa da farfaɗo da aƙalla eka 10,000 na kelf da ciyawar gaɓa kafin 2040. Hukumomin da za su sa hannu a kan rushe Matilija da Rindge, da duk wata madatsa da ke kusa da teku, ya kamata su sa kuɗin nutso da na auna haske a cikin kasafin aikin tun daga farko, a fara shekaru kafin a taɓa bango, a ci gaba aƙalla shekara goma bayan ya faɗi, kuma a riƙe ikon dakatar da sakin laka a duk shekarar da teku ya yi zafi.